Aikin gwamnati ko na kamfani: wanne za ka kama?

Ƙanena ya gama bautar ƙasa, sai ga takardun ɗaukar aiki biyu: ɗaya daga wata ma'aikatar jiha, ɗaya daga wani kamfani a Kano mai biyan kusan ninki biyu. Ya zo neman shawara, na ce masa zauna mu auna.

A gwamnati, mai digiri yakan fara daga mataki na 8. Albashin ba ya kai ƙarshen wata. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba kowace jiha ta fara biya da wuri ba. Amma kujerar taka ce. Ba mai korar ka don ransa ya ɓaci, sai an bi ƙa'ida, kuma kana nan har ka cika shekara 60 ko ka yi 35 kana aiki. Ƙarfe huɗu ka tashi, ka leƙa gona ko shago. Ƙarin girma kuwa sai haƙuri, shekara uku-uku, wani lokaci takardar ta fito kuɗin bai biyo ba.

Kamfani akwai kuɗi da saurin ƙwarewa, amma lokacinka nasu ne, har Asabar. Ranar da ciniki ya ja baya, takarda ɗaya ta sallame ka. Ka kuma tambaya ko suna zuba maka kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na albashinka a asusun fansho, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta, domin wasu ba sa yi.

Na ce masa, tunda ba iyali tukuna, ya je kamfanin. Baba dai har yau bai yarda ba.