Gwajin antibodi da na'urar awon sinadari: wanne za a yarda da shi a kan wabayin?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wasu masana ke cewa jikin mutum yana haɗa wabayin da kansa don daidaita bugun zuciya da hawan jini, wasu kuma su ce sun duba jini ba su ga ko alamarsa ba. Rabin rigimar daga kayan awon take.

Wabayin ɗan gidan dafin kwankwani ne, wanda maharba ke shafa wa kibiya. Yana danne famfon sodiyam da fotasiyam a ƙwayoyin zuciya, bugu ya ƙara ƙarfi, in ya yi yawa ta tsaya. A 1991 John Hamlyn na Jami'ar Maryland a Amurka da abokan aikinsa suka ba da rahoton tsamo irinsa daga jinin mutane.

Gwajin antibodi (sinadarin garkuwar jiki da ke manne wa abin da ake nema), irin su wanda ake kira ELISA, shi ne mai arha da sauri, jini kaɗan ya ishe shi. Matsalarsa kama yake bi. Kamar maigadi ne cikin dare, duk mai tsawon maigida da irin hularsa sai ya buɗe masa ƙofa. Likitoci sun daɗe da sanin haka: jarirai sabbin haihuwa, masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, gwajin digozin, wani maganin zuciya ɗan gidan wabayin, kan nuna suna da maganin a jini alhali ba su taɓa shan sa ba.

Ita kuwa na'urar awon sinadari, wato mas sifektirometa, sai an fara tace jinin an rarrabe abin da ke ciki. Sannan ta auna nauyin ƙwayar sinadarin, wanda na wabayin ya kusa 585, ta farfasa ta, ta sake auna gutsattsarin. Sai lokacin fitowa, nauyi da gutsattsari sun dace kafin a ce shi ne. Tana da tsada, tana son wuta mara yankewa da ƙwararren mai kula. A 2014 ƙungiyar Michael Vogeser a Jamus ta yi wannan awon da na'ura mai kaifi sosai, ba ta samu wabayin a jinin mutane ba. A wannan shekarar dai, masu bincike na Christchurch a New Zealand suka ce abin da ake kira wabayin na jiki ba wabayin ba ne.

Amma kar ka ɗauka na'urar ba ta kuskure. Abin da aka saita ta nema shi kaɗai take gani, kuma ɗan abin da ke cikin jinin kan iya salwanta wurin tacewa. Ɓangaren Hamlyn har yanzu suna kan bakansu, suna cewa akwai 'yan'uwan wabayin masu nauyi ɗaya da tsari daban.

BNP, sinadarin da zuciya ke fitarwa in ta wahala, ya fi fayyace zancen. A 2005 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka auna jinin masu tsananin gazawar zuciya. Antibodi ya ce BNP ya yi yawa, na'urar ta nemi cikakken BNP mai aiki ba ta gan shi ba. Daga baya aka gane cewa yawancin abin da gwajin ke kamawa ɗanyen sinadarin ne da ɓarɓashinsa. Duk da haka gwajin yana raba wa likita mai ciwon zuciya da mai ciwon huhu a ɗakin gaggawa, kuma ana nan ana amfani da shi.

A ganina, in majiyyaci ne a gabanka yana haki, antibodi ya wadatar. In kuwa takarda ce ke iƙirarin gano sabon sinadarin jiki, duba ko an tabbatar da na'urar, da kuma nawa ne mafi ƙanƙantar abin da take iya gani.