An damfare ni N745,000 a kan injin katako, ku yi hattara

Jama'a, yau kwana goma sha ɗaya ina rubuta wannan ina gogewa. Kunya ce ta hana ni. Yau dai na ce ko za a yi mini dariya sai na faɗa, don mutumin nan yana nan yana farauta. N745,000. Kwasar adashina ta shekara guda, da N150,000 da maiɗakina ta ranta mini daga jarin ɗinkinta. N745,000 a kan injin da ban taɓa ɗora hannu a kansa ba sai ranar da na gane ba na sayarwa ba ne.

Kafin wani ya ce ni sakarai ne, bari in faɗa: ni ɗan kafinta ne, a cikin dusar katako na tashi. Koyarwa nake yi yanzu, amma Asabar da Lahadi ina garejin gidana ina haɗa benci da kanta da gadon yara. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in sayi katako a Na'ibawa a nan Kano, in biya a tsaga, in biya a goge, in biya mai a-kori-kura, ribar duk ta tafi a hanya. Shi ya sa na daɗe ina neman injin nan na haɗaka, mai zarto da filena da wurin daidaita kauri da huda da fitar da ado a gefen katako, duka a jiki ɗaya. Sabo ya fi ƙarfina, sai na hannu.

A Facebook na gan shi. Tsohon ƙarfe ne mai nauyi, koren fenti, irin wanda ake cewa ɗan Beljiyam. Mai tallan ya sa N1,200,000, muka daidaita a N950,000. Ya ce yana Kaduna, injin na yayansa ne da ya rasu, za a raba gado, akwai marayu. Na yi masa ta'aziyya fa! Har addu'a na yi wa mamacin da babu shi.

Ban tura ko sisi ba sai da na ce a yi kiran bidiyo. Wannan ne abin da ke hana ni barci. Ranar Alhamis bayan la'asar ya kira, yana tsaye kusa da injin, injin yana kunne. Ya ɗauko falankin afara ya tura, na ji kukan injin, lafiyayyen kuka, babu karkarwa, babu ƙarar boris. Dusa ta tashi ta zuba masa a kafaɗa. Ya juyo da katakon wajen kyamara ya shafa da tafin hannu ya ce, “Malam, duba, kamar madubi.” Ya ambaci sunana. To ku gaya mini, wa zai ga haka ya ce ƙarya ce? Ba hoton intanet ba ne, ba tsohon bidiyo ba ne, da idona na ga dusa a kafaɗarsa.

Na ce ya haska mini farantin da ke jikin motar injin in karanta. Ya ce rubutun ya goge, amma injin mai wuta fes ɗaya ne, wutar gida ma tana ɗauka. Can bayansa akwai wani dattijo a kan benci da carbi, ko kallon wayar bai yi ba. Na gan shi sarai. Na ɗauka cikin dangi yake.

A daren na tura N300,000 kafin alƙalami. A'a, na tsallake wani abu: kafin nan ya turo lambar asusu, na ga sunan mace, na tambaya. Ya ce matar marigayin ce, ba ya so kuɗin marayu ya bi ta hannunsa. Wallahi maimakon in tsorata, sai ya ƙara girma a idona. Na ce wa maiɗakina, “Kin ga mai tsoron Allah.” Da bakina na faɗa.

Niyyata in je Kaduna ranar Asabar. Juma'a da safe ya kira, wai wani daga Zariya ya zo da kuɗi a hannu, magada sun matsa, shi kuma ya riga ya ba ni kalma. In na cika N700,000 zai sa a mota yau, ragowar N250,000 sai kaya ya iso na gwada. Kun ji fa, shi ne ma zai bi ni bashi. Na tura N400,000. Bayan an sauko daga masallaci wani ya kira da wata lamba, wai shi ne direba, yana Kawo, an yi lodi, sai N45,000 na 'yan dako da mai. Ya turo hoton wani abu a lulluɓe da tamfol a bayan mota. Na tura. 300 da 400 da 45. N745,000 cikin ƙasa da awa ashirin da huɗu.

Na zauna a Unguwa Uku tun magariba har bayan isha, na ma riga na yi magana da yara huɗu da za su taya ni saukewa. Na ma manta, tun ranar Laraba na sa mai wayarin ya ja mini sabon layin wuta zuwa gareji, shi ma kuɗi ne, ban sa shi a lissafi ba. Wayar direba a kashe. Ta mai tallan tana shiga ba a ɗauka, can ita ma ta mutu. Da safe tallan ya ɓace.

Litinin na hau mota. Na ɗauki hotuna lokacin kiran, don haka na riƙa bin kafintoci ta wajen Panteka ina nunawa, har wani yaro ya gane shagon. Na shiga, ga injin, koren fentinsa, yana ta aiki. Ga dattijon a kan bencinsa. Na yi sallama, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wayar, ya ce, “Ɗana, injin nan nawa ne, da shi nake ci da iyali, ban taɓa sa shi a kasuwa ba. Wannan yaron falanki biyu ya kawo a goge masa, ya biya, ya ce bari ya nuna wa maigidansa na Kano aikin. Kai ne na uku da ya zo.”

Na ce, “Baba, fes nawa ne?” Ban san me ya sa na tambaya ba. Ya ce uku. Na sunkuya, ga rubutun farantin raɗau, ko harafi ɗaya bai goge ba. Ko da na gaskiya ne, ba zai tashi a gidana ba.

Baba ya sa aka kawo mini ruwa. Ban iya sha ba.

Na je banki na cike takarda, aka ce an kwashe kuɗin tun ranar. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, ina jira. Maiɗakina ba ta ce komai ba har yau, gara ma ta yi faɗa.

Kada ka tura kuɗi sai ka je da ƙafarka, ka kunna da hannunka, ka karanta farantin, ka tambayi maƙwabtan shago na wane ne. Kiran bidiyo ba shaida ba ne.

Hirarmu ta WhatsApp, risit uku da hoton fuskarsa duk suna wurina, zan ɗora su da daddare in na rufe sunan matar, don ban sani ba ko ita ma amfani aka yi da ita. Sauran mutum biyun da suka je wurin Baba, in kun ga wannan ku neme ni.