WES da maganar ɗaukar kiredit zuwa wata jami'a

Masu son komawa jami'a a Amurka ba tare da sun faro daga aji ɗaya ba, gaskiya aikin WES (World Education Services) ya gamsar dani. Ƙungiya ce mai tantance takardun karatun ƙasashen waje tun 1974, kuma rahoto iri biyu suke yi, akwai na shedar digiri kawai akwai na kwas bayan kwas, to na biyun zaka nema in kiredit (wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ka riga kayi) kake son ɗauka dan na farkon bazai maka wannan aikin ba.

Abinda yafi burgeni shine yadda suka jero kowane kwas da nayi a layinsa, ga kiredit ɗinsa a lissafin Amurka ga maki a gefe, sannan suka fitar da GPA, wato matsakaicin maki, akan ma'aunin 4.0. Har ɗan kwas ɗin lissafi na shekarar farko yana ciki.

Wahalar dana sha daga tsohuwar makarantata ce, dole su zasu tura sakamakon kai tsaye ba ta hannunka ba, wallahi sai da nayi ta bibiya kamar mai bin bashi.

Amma fa a sani, WES basa bada kiredit, jami'ar da zaka je ita keda hukunci. Digirin farko a can yawanci kiredit 120 ne, jami'o'i da dama basa karɓar kwas ɗin da aka ci ƙasa da C, wasu kuma sai sun ga manhajar kwas ɗin sun gwada da tasu. Dan Allah ku adana manhajojinku tun yanzu, kuma ku tambayi jami'ar ko rahoton WES take karɓa kafin ku biya.