Dabinon Faya a matsayin goron sallar yara: abin da ya fi alewa da inda ya gaza

Sallah na ƙaratowa, teburan kasuwa a Injamena da Kusiri da Marwa sukan cika da alewa da biskit da lemon kwalba. A gefe kuma ga masu buhunan busasshen dabinon Faya, wanda ake kawowa daga yankin Borku a arewacin Cadi, ana auna shi da koro, wato kwanon awo. Ga mai neman abin da zai ba yara masu yawon barka da sallah, wannan dabino ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi.

Kada a ruɗi kai, dabino ma sukari ne, fiye da rabin nauyinsa. Fifikonsa shi ne yana tafe da harza da sinadarin fotasiyam, kuma yana da ƙosarwa. Yaro zai shanye alewa goma bai ji komai ba, dabino uku kuwa sun tare masa ciki. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a yini, kuma sukarin da ke cikin ɗan itace ba ya cikin wannan lissafi. Lemon gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35.

Wajen saye, a fasa huɗu ko biyar daga ƙasan buhu. In an ga baƙin gari ko saƙa kusa da ƙwallo, ƙwari sun shiga, a wuce. Na Faya yana da tauri, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba, amma wannan taurin yana wahalar da ƙananan haƙora.

Maganinsa a mayar da shi dunƙule irin na dakuwa. A wanke dabino, a cire ƙwallo, a auna kofin shayi biyu. A jiƙa a ruwan ɗumi minti 20, a tsane sosai. A daka da soyayyar gyaɗa kofi ɗaya da soyayyar aya rabin kofi har su haɗe, a mulmula kamar girman goro, a birgima a cikin riɗi. Nan ne aka fi kuskure: in jiƙon ya wuce kima ko ba a tsane ba, dunƙulen ya yi caɓe, kuma da zafin nan namu kwana biyu ya isa ya yi tsami. In ya ƙi kamawa, dabinon ne ya yi kaɗan, ba ruwa yake so ba. Gyaɗar da ta yi baƙi ko take ɗaci a tsince ta a zubar, domin gubar fumfuna ba ta mutuwa da suya.

Dunƙule biyu sun ishi yaro a yini, kuma bayan cin abinci. Dabino yana maƙalewa a haƙori kamar alewa, don haka a kurkure baki, a goge kafin barci. Yaron da bai kai shekara biyar ba, kada a ba shi dabino mai ƙwallo ko gyaɗa guda-guda, yana iya shaƙewa. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, a yi masa nasa da aya kaɗai.