Na gwada ɗanyen abincin kare da mage na wata uku, ga abun da na gani

Toh jama'a, wata uku kenan cif ina ba karena da kyanwata wannan ɗanyen abincin da ake sayarwa a daskare, wanda ake niƙa nama da ƙashi da kayan ciki a dunƙule a leda, kai dai ka ciro daga firiza ka bari ya saki ka zuba a kwano. Ba zan kira sunan kamfanin ba don ba faɗa na zo yi da kowa ba, kuma yawancinsu tsarinsu ɗaya ne: kashi 80 tsoka, 10 ƙashi, 10 hanta da sauran kayan ciki. Kafin nan shekara huɗu suna kan busasshen abincin buhu, ƙwayoyin nan masu kama da biskit.

Abun da ya ja ni bidiyoyin YouTube ne, kullum ana cewa kare jikan kyarkeci ne, wa ya taɓa ganin kyarkeci yana cin masara? Maganar ta shige ni. Ashe ma tsohuwar magana ce, wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, shi ya yaɗa ta tun 1993.

Bari in fara da alherinsa don kar a ce na zo da ƙiyayya. Sun so shi, wallahi sun so shi. Karen nan da sai ya shinshina kwano ya zagaya ya dawo kafin ya ci, yanzu kafin in ajiye ya lashe, har kwanon yake turawa bango. Bayan gidansa ya ragu sosai, ya yi tauri, warin ma ya yi sauƙi, wanda duk yake kwashe kashin kare da safe ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Gashinsa ya ƙara sheƙi, ko da yake likitarmu ta ce kar in yi saurin murna, yawan kitse ne ke kawo hakan, ko abincin buhu ka ƙara wa mai zai yi sheƙi. Ita kuwa magen riba ɗaya ta samu wadda ba na musu a kanta, ruwa. Busasshen abinci ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 ba, ɗanyen nama kuwa wajen kashi 70 ne, su kuma maguna dama ba mashaya ruwa ba ne, shi ya sa matsalar fitsari take yawan damunsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sai da na yi sati shida sannan na zauna na karanta ƙananan rubutun bayan ledar, ashe an rubuta abincin ƙari ne, ba cikakken abinci ba, ma'ana su da kansu ba su ce dabba za ta rayu a kansa shi kaɗai ba, amma a gaban ledar hoton kyarkeci ne ƙato da kalmomi masu daɗi, wa zai juya baya? Wannan ya ɓata min rai gaskiya. Akwai ma'aunin AAFCO, ƙungiyar jami'ai masu tsara ƙa'idojin abincin dabbobi a Amurka, akwai na FEDIAF, ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida a Turai, abincin da ya cika sharuɗɗansu ana rubutawa ƙarara cewa cikakke ne kuma na wane shekaru ne, ɗan kwikwiyo ko babba. Nawa babu ko ɗaya. Laifina ne ban duba ba, na yarda, amma su ma sun san me suke yi da suka maƙale shi a ƙasan leda.

Kuma ba wasa ba ne musamman ga mage. Mage ba ƙaramin kare ba ce, ita dole sai nama, jikinta ba ya haɗa isasshen sinadarin tawurin da kansa, in ya yi ƙaranci zuciya ta kumbura ta yi laushi, ido ya mutu a hankali. A 1987 masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta Davis suka gano alaƙar nan, kuma abun mamaki a jikin magunan da ke cin abincin kanti suka gano, daga nan kamfanoni suka ƙara shi. Haka ma kalsiyam da fosfaras, ana son kalsiyam ya ɗan fi yawa, tsoka zalla kuwa fosfaras ne fal kalsiyam ɗan mitsitsi, ɗan kwikwiyon da aka raina a kan tsoka kaɗai ƙasusuwansa lanƙwashewa suke yi. Hanta kuma in ta yi yawa bitamin A ya koma guba. Wato abun da ake tallata maka a matsayin mai sauƙi lissafi ne zalla.

Batun kyarkecin ma da na bi diddigi bai tsaya da ƙafarsa ba. A 2013 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna kare yana da kwafin ƙwayar halittar narkar da sitaci fiye da kyarkeci nesa ba kusa ba, dubban shekaru yana cin ragowar tukunyar ɗan Adam, cikinsa ya saba.

Amma abun da ya kashe min gwiwa gaba ɗaya tsafta ce. Ina da yaro mai rarrafe. Kare ya ci ɗanyen kaza ya zo ya lashi hannun yaro, yaro ya kai hannu baki, kun ga an gama. Da ina ɗauka ƙanƙara na kashe ƙwayoyin cuta, ashe barci kawai take sa su, nama na saki su farka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, 15 suna da ƙwayar cutar salmonela, 32 suna da ta listeriya, kuma kare zai iya ɗauke da ita lafiyarsa lau yana zubarwa a bayan gida, mutanen gida ne za su kwanta. A ƙarshen 2024 ma an samu magen da murar tsuntsaye ta kashe a Amurka bayan ta ci irin wannan abincin. Sai na koma kullum ina wanke kwano da ruwan zafi, ina goge ƙasa, wuƙa daban, faranti daban, ina tsare kare a waje bayan ya ci, ni da na sayi abu don in huta.

Ga cin wuri. Karen kilo 25 ne, a ƙa'idarsu ta kashi 2 zuwa 3 na nauyin jiki kullum sai ya ci fiye da rabin kilo, a wata kilo goma sha biyar da ɗoriya, firizar ta zama tasa mu ne baƙi. Sau biyu kuma kayan suka iso sun fara narkewa jini na ɗiga a kwali, na yi musu magana, sun ba da haƙuri sun sauya na farko, na biyu shiru kake ji. Kuɗi kuwa ya ninka abun da nake kashewa a buhu, ban ma son tunawa.

Kar wani ya ce ina wanke abincin buhu, shi ma yana da tabonsa. A 2007 sinadarin melamin ya shiga kayan haɗin da aka shigo da su daga Sin, karnuka da maguna da yawa ƙodarsu ta lalace, an janye kaya iri-iri daga kasuwa. Kuma mai araha sosai wani lokacin sai ka rasa ina naman yake. Sai dai shi an dafa shi da zafi, ka ɗebo da kofi ka zuba ka wanke hannu shikenan.

Maki na dai uku cikin biyar, kuma ukun nan na ɗanɗano ne da bayan gida. Wanda ba shi da jariri ko mai ciki ko tsoho ko mara lafiya a gida, yana da firiza ta daban, ya samu wanda aka rubuta cikakke a jiki, ya kuma zauna da likitan dabbobi, toh ya gwada, ban hana ba. Ni kam na maida karen kan buhu, a hankali cikin kwana goma ina gauraya wa don kar cikinsa ya ɓaci, magen kuma na koma ba ta na gwangwani, ruwan da nake nema yana ciki kuma dafaffe ne. Sauran leda huɗu da suka rage ban dafa ba saboda ƙashin da ke ciki, na zubar. Har yau in na buɗe firiza sai magen ta taho da gudu ta zauna tana kallona kamar na ci mata bashi.