Hayar keken hanyar tsakuwa a bakin teku

Gaskiya masu hayar keken nan sun burge ni, tayar mai faɗin milimita 40 ce ba tub a ciki, kuma sun rage mata iska kafin mu tashi shi ya sa ba ta yi ta tsalle da ni a kan tsakuwa ba. Daga bakin teku muka kutsa daji, inuwa ga sanyi ga jiƙaƙƙen ganye, sai hawan tudu wallahi cinyata har rawa take amma da na hango ruwa daga can sama na manta gajiyar. Matsala ɗaya, iskar gishiri ta sa sarƙar tsatsa, canjin giya na wahala a hawa. Don Allah ku riƙa sa mata mai.