Faris, Landan, Dubai ko Alƙahira: ina ya kamata a kai yara ƙanana hutu daga Kano?

Tun da aka fara maganar dogon hutu gurup ɗinmu na iyayen yara a WhatsApp ya cika da tambaya ɗaya, wai ina za a kai yara su ga wurin wasa irin na Mickey Mouse su kuma ga waɗannan tsofaffin fadojin sarakuna masu hasumiya da suke gani a katun. Ni na taɓa kai nawa uku, yayata kuma ta kai nata wani wurin daban, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun kafin wani ya kwashi kuɗin da ya shekara yana tarawa ya zuba inda yaran ba za su mora ba.

Kafin ki buɗe shafin kowane kamfanin jirgi, ɗauko tef ɗin tela ki auna tsayin autanki. Da gaske nake. A wuraren nan galibi ba ruwansu da shekaru ko wayon yaro, sanda ce a bakin ƙofar kowane babban lilo, in kansa bai kai ba to ba zai hau ba ko da zai yi kukan duniya.

Mu fara da wanda kowa ke mafarki, Disneyland na Faris. An buɗe shi a 1992, yana gabas da birnin kamar kilomita 32, jirgin ƙasa na RER A yana kai mutum har bakin ƙofa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Amma Big Thunder Mountain sai mai tsayin mita 1.02, Hyperspace Mountain sai 1.20, na Indiana Jones kuwa sai 1.40, kin ga in yaranki 'yan shekara 2 da 4 ne manyan abubuwan da aka biya kuɗi dominsu sai dai kallo. Akwai na ƙanana masu kyau ba laifi, ga fadar nan mai ruwan hoda da dodo a ƙarƙashinta (wasu yaran tsorata suke yi da shi, a kula), sai dai layi ne matsalar, yayata ta ce lokacin hutun bazara sun tsaya kusan awa guda saboda lilon da bai fi minti biyu ba, ƙaramin ya yi barci a kafaɗar babansa kafin layi ya zo kansu. Kuma a watan bakwai rana ba ta faɗuwa a can sai wajen goma saura na dare, wasan wutar da ake rufe wurin da shi sai dare ya yi sosai, yaron da ya saba barci bayan isha ba zai gani ba. Fadar gaske kuma Versailles ce, 'yan ƙasa da 18 ba sa biya, ba a buɗewa ran Litinin, amma cunkoson cikinta ba na mai goyo ba ne, lambun ya fi daɗi da yara.

Biza ta Shengen, wadda ake shiga Faransa da ita, babba Yuro 90, ɗan shekara 6 zuwa 12 Yuro 45, ƙasa da 6 kyauta, ga inshorar lafiya dole. Kuma in an hana ba a mayar da kuɗi.

Ingila, a ganina ta fi Faransa dacewa da ƙananan yara, saboda abu biyun suna gari ɗaya, wato Windsor, kusa da filin jirgin Heathrow. Legoland na can tun 1996 yake kuma dama don 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi, har makarantar koyon tuƙi gare su inda yaro zai ja 'yar mota da kansa, akwai ma ta 'yan 3 zuwa 5. Tafiyar mintoci kaɗan a mota sai ga fadar Windsor, wadda aka kafa tun ƙarni na 11 kuma har yau gidan sarauta ne mai rai, can aka binne Sarauniya Elizabeth a 2022, ita ɗin da kakanninmu suke ba da labarin zuwanta Kano a 1956. Ba a buɗe ta Talata da Laraba, kuma sai an ajiye keken jariri kafin a shiga ɗakunan ciki, ki tafi da zanin goyonki. Inda take cizo biza ce, kowane kai sai an biya masa cikakken kuɗi har jinjiri, sannan ba jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye, sai an bi ta Abuja ko Legas ko a yada zango a wata ƙasa. Legoland ɗin kuma mafi yawan lokacin hunturu a rufe yake.

Wani abu da mutanenmu suke mantawa: Ingila da ƙasashen Turai ba a shiga musu da nama ko madara daga nan. Kilishi da dambun naman da aka saba yi wa matafiyi guzuri a bar su a gida, kwacewa ake yi. Gara a nemi masauki mai kicin a dafa wa yara shinkafa da taliya, don a cikin wuraren wasan abincin halal ba ko'ina ake samu ba, kuma tsada ba a magana.

Dubai ba zan daɗe a kanta ba. Legoland nasu da aka buɗe a 2016 yana da kyau, abinci halal ne, wurin salla ko'ina, hankalin uwa kwance. Amma dogon hutunmu ya faɗo a watan takwas, lokacin zafinsu yana wuce digiri 40 ga gumi, ba irin zafin Kano na watan huɗu ba ne, sai dai a fake a wuraren wasa na cikin gini irin IMG. In Dubai ce to a bari sai Disamba. Kuma wanda yake son yaransa su ga tsohuwar fada ba zai ƙoshi a can ba.

To ni Alƙahira na kai nawa, lokacin babbar tana 7, na tsakiya 5, auta 2, kuma ita nake ba masu ƙananan yara shawara. Dalili na farko jirgi, daga filin jirgin Malam Aminu Kano ake tashi kai tsaye, bai kai awa biyar ba an sauka, duk wadda ta taɓa kwana a filin jirgi da yaro mai rigima tana jiran canjin jirgi ta san darajar wannan. Na biyu, in fada mai ganuwa ake nema ga ta Salahuddin da aka fara ginawa a 1176, a kan tudu, da masallacin Muhammad Ali a ciki, fili ne wadatacce yara suna ta gudu ba mai harararsu, ana hango birnin gaba ɗaya. Ɗana da ya ga kaurin bangon sai ya ce Umma wannan badala ce ta dutse, wallahi har yau in mun bi ta Ƙofar Na'isa sai ya tuna min. Mun ɗauki kwana ɗaya mun je Iskandariyya ganin sansanin Qaitbay na bakin teku, ginin 1477, shi ne ma ya fi kama da na katun ɗin. Ga dalar Giza, ga lambun Azhar da yamma. Wurin wasa akwai Dream Park a birnin da ake kira 6 ga Oktoba kusa da Alƙahira, gaskiya ban ce ya kama ƙafar Disney ba, ko kusa, amma ɗan shekara 5 lilo ne lilo a wurinsa, ya hau ya sauka ya sake hawa. Sai dai a yi haƙuri da cunkoson motoci da masu talla a wajen dala, a yi ciniki kafin a hau raƙumi ko doki.

Wasu sun tambaye ni Kajuru Castle na jihar Kaduna, wanda wani Bajamushe ya gina. Ginin yana da kyau, amma an kai hari wurin a 2019 har aka rasa rayuka, ni dai ba zan ce wa kowa ya kai yara ba sai ya bincika halin tsaron hanyar sosai a lokacin.

In kuɗin bana bai kai na jirgi ba, ko kuma ana so a gwada juriyar yaran tukuna, Magicland na Abuja ya isa kwana biyu, sannan a dawo gida a kai su Gidan Makama, a tsaya Ƙofar Kudu a nuna musu Gidan Rumfa da aka gina tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a hau Dala da sassafe. In yaro ya iya zagaya Gidan Makama bai ce a ɗauke shi ba, zai iya Alƙahira. Windsor da Faris kuwa ni na ajiye su sai autana ya wuce mita 1.20, yanzu saura masa kusan tafin hannu biyu a jikin ƙofar kicin inda nake sa masa alama da biro.